Halaccin Nama Bai Tsaya A Bakin Wuƙa Ba

Duk ɗan Arewan da ya sauka Ikko ko Badun ko Anaca karo na fari, tun kafin ya san unguwar da zai kwana, akwai gargaɗin da ya riga ya taho da shi daga gida, watau ya kula da abin da zai sa a bakinsa. Mahaifiyarsa ta faɗa masa, malaminsa ya faɗa masa, abokan tafiya kuma sun ƙara masa a cikin mota. Saboda haka za a gan shi da yunwarsa ya wuce rumfar mai abinci goma har sai ya kai inda ya ji ana Hausa. In kuwa tilas ta sa ya zauna inda bai sani ba, sai ya ce a zuba masa da kifi, ko kuma ya tsaya ya tambayi wanda ya yanka naman. Wannan hali ne na kirki, babu mai hankalin da zai zarge shi a kai. Shi ne ma dalilin da ya sa duk inda aka kafa Sabo ko zango a ƙasar Kurmi, da an gama ginin masallaci, abin da ke biyo baya shi ne rumfar mahauci da tukubar mai tsire.

Sai dai wanda ya zauna ya lura da yadda ake wannan tsantseni zai ga ya karkata gefe guda. An tsananta inda Shari'a ta sassauta, an kuma yi sakaci inda ta tsananta. Mutumin da zai tofar da yawu don ya ga maƙwabcinsa Bayarabe na cin dodon koɗi, shi ne kuma zai tsaya yana kallo a sauko da saniya daga tirela da karyayyen baya, a ja ta a ƙasa har kwata, bai ce uffan ba. Gobe ma ya sayi tsokarta ya kai gida hankalinsa kwance, tun da dai an ce Musulmi ne ya sa wuƙa. Alhali kuwa littattafan da ake karantawa a zaurukan garinsu sun halatta na farkon, na biyun kuwa akwai magana mai nauyi a kansa.

Abubuwan da Alƙur'ani mai girma ya haramta ci a fili ba su da yawa. An ambace su a Suratul Baƙara aya ta 173, da Suratul An'am aya ta 145, da Suratun Nahli aya ta 115: mushe, da jinin da ya kwarara, da naman alade, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. Suratul Ma'ida aya ta 3 ta ƙara bayani a kan mushen, ta kawo dabbar da aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo daga bisa, da wadda 'yar'uwarta ta soke da ƙaho, da wadda naman daji ya kama, in ba an riske su da rai an yanka ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyar ɗin, don za a komo kansu. Hadisi ya ƙara da jakin gida, wanda aka hana cin namansa a yaƙin Haibara cikin shekara ta 7 bayan Hijira, ya kuma yi hani a kan namun daji masu fiƙa. A wannan Sura ta Ma'ida ne kuma aka halatta abin da aka kamo a ruwa, aka halatta abin da kare koyayye ya kamo wa mafarauci, aka halatta abincin Ma'abota Littafi bisa sharuɗɗan da malamai suka shimfiɗa.

To, mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta yawancin mutanen Arewa da Musulmin ƙasar Yarbawa baki ɗaya, tana cikin masu yalwatawa a wannan babi. A wurin malamanta, dabbar ruwa duk halal ce, ko da an tsince ta a mace. Ke nan ƙaguwa da jatan lande da ƙananan dodannin koɗi na ruwa da mutanen Kalaba da Fatakwal ke zubawa a miya babu laifi a cikinsu. Dodon koɗi na tudu ma, a cikin Mudawwana an kawo cewa an tambayi Malik a kansa, ya daidaita shi da fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa da sunan Allah ana ci, wanda aka tarar matacce ba a ci. Muhtasar na Sidi Halil ya jera zomo da bushiya da ire-irensu cikin abin da ya halatta. Doki da alfadari da jaki su ne ya sa cikin haram. Wasu mazhabobin sun saɓa: Hanafiyya ba sa cin abin ruwa in ba kifi ba, Shafi'iyya kuwa suna cin doki. Game da naman daji da ake bajewa a bakin hanyar Ore zuwa Binin, abin tambaya a mafi yawansa shi ne yadda ya mutu. Gafiyar da aka kama da rai aka yanka daban take da wadda ta kwana matacciya cikin tarko.

Babu wanda ya ce dole ɗan Arewa ya ci dodon koɗi. Ransa bai so, shi ke nan. Amma ya kamata ya san sunan abin da yake ji, watau ƙyama, kada ya kira ta haram. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna. Da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haram ne, Annabi ya amsa masa da cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Halidu ya jawo akushin ya ci, Annabi na kallonsa. Duk wanda ke zaune cikin wata al'umma da ba tasa ba yana bukatar ya san wannan hadisi, domin a cikinsa an raba abin da zuciya ta ƙi da abin da Allah ya hana, kuma wanda ya raba ɗin shi ne mafi cancantar a bi son ransa da a ce son rai hujja ne. Alƙur'ani kuwa ya yi kashedi mai tsanani a Suratun Nahli aya ta 116 ga masu cewa wannan halal wannan haram da bakinsu kawai, ya kuma zargi Larabawan Jahiliyya a Suratul An'am saboda raƙuma da tumakin da suka haramta wa kansu bisa al'ada suka jingina wa Allah.

Bahaushe ma ai yana da nasa. Yana cin fara da yaji a Maiduguri da Kano har ya lashe yatsa, yara na kama shinge da farkon damina, mafarauta na kawo damo da kurege kasuwa. Mutumin Kudu da ya ga haka karo na fari shi ma yakan kau da kai. Akwai kuma hane-hanen da ba su da asali a littafi: a ce kada mai ciki ta ci ƙwai, kada a saba wa yaro da ƙwai don kada ya koyi sata, naman akuya na tayar da tsohon ciwo. Tun zamanin Maguzanci akwai abin da ake kira kan gida, watau wata dabba da zuriya guda ba ta kashewa, ba ta ci. Har yau akan sami gidan da ake cewa su ba sa cin kaza ko kaza, in an tambayi dalili sai a ce haka aka tarar. Wasu daga cikin waɗannan ba su cutar da kowa. Hana mai ciki da ƙananan yara ƙwai kuwa cuta ce tsantsa, domin an hana su abinci mai gina jiki a lokacin da suka fi bukatarsa.

Wanda ya san akwai kan gida a garinsu ba zai yi mamakin abin da zai tarar a Kurmi ba. A yankin Idemili na Jihar Anambra ba a kashe mesa, bisa al'adarsu wanda ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum. A Awka ba a taɓa biri, haka a Lagwa ta Jihar Imo da Akpugoeze ta Jihar Inugu, kuma wannan al'ada ce ta tsare wani irin biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudancin Nijeriya. A Oshogbo ba a kamun kifi ko farauta a kurmin Osun. Musulmi bai yarda da aƙidar da ke bayan waɗannan ba, ba a kuma nemi ya yarda ba. Amma lebura ko mai gadi ko makiyayin da ya sauka irin waɗannan garuruwa, in ba ransa ne ke cikin haɗari ba, me zai ƙaru da shi in ya ɗauki sanda ya kashe abin da masu gari ke girmamawa? Addininsa bai wajabta masa ba, abin da zai jawo kuwa ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, zai shafi mai shayi da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Kowa kuma ya ga yadda 'yar ƙaramar cacar baki a kasuwar Shasha ta Badun ta zama gobara da asarar rayuka a watan Fabrairu na 1442 Hijira, watau 2021.

Ya kamata kuma a san cewa masu tsantsenin abinci ba Musulmi kaɗai ba ne. Kiristocin ɗarikar Asabar, waɗanda ke da yawa a kewayen Aba da Ilishan ta Jihar Ogun, suna bin dokokin Littafin Firistoci sura ta 11. Ba sa cin alade, ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo, ba sa cin zomo da raƙumi. A idonsu tarwaɗar da Bahaushe ke yi wa farfesu da naman raƙumin da ake rububi a kwatar Kano duk ƙazanta ne. Mabiya cocin Celestial masu fararen riguna su ma ba sa cin alade.

Sai maganar kare, wadda ta shafi dubban 'yan Arewa masu aikin gadi a Ikoyi da Ikeja da sauran unguwannin masu hali, inda da wuya a sami gida babu kare. Da yawansu na cikin damuwa, suna zaton duk sanda kare ya shinshini rigarsu salla ta ɓaci. A mazhabar Malik duk abu mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, har da kare. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don ibada. An halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai tsoro. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Cin naman kare kuwa jumhurun malamai sun hana, babu Bahaushen da ke neman a ba shi fatawa a kai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, karnukan da ake tarawa a kasuwar Dawaki ta Jihar Filato a loda zuwa Kuros Riba da Akwa Ibom, da yawansu daga ƙauyukan can Arewa aka sayo su, a hannun mutanen da za su fi kowa yin tir in sun ga tukunyar.

Wannan shi ya kawo magana kan ɓangaren da aka yi wa sakaci, wanda kuma shi ne ya fi nauyi, domin yana hannun 'yan Arewa ne tun daga farko har kusan ƙarshe. Saboda ƙudan tsando da cutar sammore, shanun Arewa masu tozo ba su daɗewa da lafiya a ƙasar kurmi, don haka tun da daɗewa Kudu ta dogara ga Arewa wajen nama. Da can da ƙafa ake koro su, tafiyar makonni, suna kiwo suna shan ruwa a hanya, ko da yake sukan iso a rame. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 sai aka sami hanya ta biyu. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da cinikin shanu da na goro ta tsayu. Bayan jirgi ya durƙushe sai komai ya koma kan tirela. Yau daga karar Potiskum da Maigatari da Mubi da Wudil da Illela ake lodi, a bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta Lokoja da Okene, zuwa Akinyele a Badun da Kara a bakin Ikko da mayankar Oko-Oba a Agege. Masu zuwa Gabas su bi ta Makurɗi zuwa Ugwuoba da Amansea da Lokpanta. Daga Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, daga Maiduguri kuwa ya haura 1,500.

Duk wanda ya taɓa bin waɗannan hanyoyi ya ga yadda ake lodin. Ana cusa shanu fiye da abin da motar za ta ɗauka, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, wuya a murɗe, wata a kan wata. A wani lodin akan shimfiɗa katako a sama a ƙara awaki ko buhuna, sa'an nan mutane su hau can bisa. Haka za a yi kwana biyu ko uku cikin rana da ruwan sama, sau da yawa babu ciyawa babu ruwan sha. Wadda ta zame ta faɗi ba ta da wurin tashi, sauran su yi ta tattaka ta. In direba ya taka birki da ƙarfi, ƙahon wannan ya shige cikin waccan. Yaran mota na riƙe da wuƙa, da sun ga wata na shirin cikawa sai a tsaya a yanka a gefen hanya don kada a yi asara. In an iso, a wurare da yawa babu gangaren saukewa, sai a ja igiya a turo dabba ta diro daga bisa.

Yanzu mai karatu ya koma kan biyar ɗin nan na Suratul Ma'ida: wadda aka shaƙe, wadda aka buge, wadda ta faɗo, wadda aka soka da ƙaho. Huɗu daga ciki ana iya samunsu a tirela guda a dare guda. Jama'a sun ɗauka cewa muddin dabba na motsi aka sa mata wuƙa ta halatta. A mazhabar Malik ba haka abin yake kai tsaye ba. In rauni ya riga ya kai ga ɗaya daga cikin makasa, yanka ba ya amfani, hukuncinta hukuncin mushe ne ko da tana numfashi. Makasan kuwa su ne: lakar gadon baya ko ta wuya ta katse, ƙwaƙwalwa ta tarwatse, kayan ciki su zubo, jijiyar wuya ta tsinke, ko hanji ya huje. Saniyar da ta karye a ƙafa ana yankawa a ci. Wadda lakarta ta katse don an turo ta daga mota, ko wadda ƙaho ya huda mata hanji tun Jebba, wannan wata magana ce. Wane ne ke dubawa? Yaron mota da ke tsoron fushin maigidansa, ko mahaucin da ya saye ta rabin kuɗi don ta kasa tashi? Likitan dabbobi, inda akwai shi, cuta yake nema, ba a ɗora masa duba hukuncin fiƙihu ba.

A kwata ma abin bai sauya ba. Ana murɗe wutsiya har ta karye don dabba ta tashi, ana dukan fuska, wani lokaci a sare agarar bijimi don ya faɗi da sauƙi. Ana yanka wata a gaban wata cikin jini, a fara fiɗa tun jiki bai daina motsi ba. Kaji kuwa a ɗaure su goma-goma a rataye a babur kai a ƙasa. Duk ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi ya wuce ta kan na 17, wanda Shaddadu ɗan Ausu ya ruwaito, inda aka wajabta kyautatawa a kan kome, aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An ruwaito Annabi ya tsawata wa wani da ya kayar da tunkiya sa'an nan ya tsaya wasa wuƙa tana kallo. An ruwaito ya hana duka da yin lalas a fuska, ya kuma kira mai wani raƙumi ya yi masa faɗa saboda yana barinsa da yunwa yana jibga masa aiki. Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, babu mai wa'azin da bai san su ba. Ana kawo su a mumbari jama'a su girgiza kai, amma ba a cika jin limamin da ya ce wannan magana da ku take, ku masu lodi a kara.

Fatake na da hanzarinsu, kuma ba na banza ba ne. Kuɗin mota ya yi tsada, man dizal ya yi tsada, tsakanin Arewa da Kudu shingaye ba su ƙirguwa, kowane da mai miƙo hannu, ga 'yan fashi da masu satar mutane da ke sa direba ƙin tsayawa inda ba gari. In ba a cika mota maƙil ba, in ji su, ba a fita. Gaskiya ne, kuma kowane awa guda da aka ɓata a shinge yunwa da ƙishirwa ce aka ƙara wa dabba, saboda haka masu shingen na da kasonsu na alhaki. Amma lissafin bai cika ba in ba a sa abin da ake asara ba: nauyin da saniya ke zubarwa a hanya, tsokar da ta ƙuje ta tara jini wadda mahauci zai yanke ya yar, ƙirgin da bulala da ƙaho suka ɓata, da guda ɗaya ko biyu da ke mutuwa, wadda kuɗin kowace ya fi abin da aka tsira da shi wajen cusa ta. Kuma ko da lissafin ya fita, wanda ya ce riba ta halatta masa azabtar da dabba ba shi da bakin da zai yi wa mai sayar da alade wa'azi, don shi ma riba ya ce.

Maganar jaki ta fi duk waɗannan fitowa fili. Ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne naman jakin gida haram ne. Duk da haka an yi shekaru ana lodin jakuna daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari zuwa Ezzamgbo ta Jihar Ebonyi, inda ake yanka su, a sayar da nama, a fitar da fata zuwa ƙasar Sin don yin wani magani nasu na gargajiya. Abin ya kai Nijar da Burkina Faso suka hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma a taronta na Addis Ababa cikin Fabrairu 2024 ta amince da hana yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Mai sayarwa ya san inda za a kai, ya san abin da za a yi. Malaman Malikiyya kuwa sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, to ina ga wannan? Ƙauye ya rasa abin ɗaukar ruwa da taki da kai amfanin gona kasuwa, talaka ya kasa sayen jakin da ubansa ke da uku. Daɗin daɗawa, an sha kama busasshen naman jaki ana shirin sayar da shi da sunan na shanu. Mai yiwuwa ne ƙwarai mutumin da ya ƙi dodon koɗi da rana ya ci jakin ƙauyensu da dare bai sani ba.

Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne amana, wadda ita ce jarin ɗan Arewa a Kurmi. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963, ya rubuta yadda cinikin shanu duka ke tafiya bisa bashi: baƙo ya kawo dukiyarsa ya damƙa wa maigida, dillali ya sayar wa mahauci Bayarabe, kuɗi su biyo baya, babu takarda babu kotu, sai sanin mutum da tsoron zubewar suna. Wannan amanar ce har yau ke sa Alhaji Bayarabe, da ma wanda ba Musulmi ba, ya tsaya gaban tukuba ya ce Malam ba ni tsire, bai tambayi ko naman mene ne ba. Ranar da aka fara shakkar abin da ke kan tukubar Malam, mai tsiren Obalende da na Sabon Shagamu da ba su taɓa ganin cikin tirela ba su ne za su fara ji a jikinsu.

Gyaran ba sai an jira gwamnati ba, ko da yake tana da nata. Sashe na 495 na tsohon kundin laifuffuka na Kudu ya haramta dukan dabba da yi mata lodi fiye da kima da ɗaukarta ta hanyar da za ta wahala, amma tarar da aka rubuta a ciki Naira 50 ce, kuɗin da yau ba su sayen tsinken tsire. A 2016 an gwada ɗauko shanu 500 a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Oko-Oba, aka yi ta murna, abin bai ɗore ba. A 2024 an kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don kiwon dabbobi, ga aiki nan na jiran ta: wuraren shayarwa masu tsaro a Mokwa da Lokoja da Makurɗi, da rage shingaye ga motar da ke ɗauke da mai rai. Amma ƙungiyoyin fatake da suka iya tsayar da kai shanu da kayan abinci Kudu baki ɗaya na kwanaki a ƙarshen Fabrairu 2021, har nama ya yi wuya a Ikko, ba za su ce ba su da ikon ƙayyade yawan shanun da za a zuba a tirela guda ba. Gina gangaren saukewa na siminti a kowace kara bai kai kuɗin bijimi biyu ba. Sarakunan Hausawa da sarakunan fawa na iya sa doka cewa duk dabbar da ta iso a kwance ba za a sayar ba sai likita ya gani, wani mai ilmin yanka kuma ya duba makasanta bayan an feɗe.

Limaman Sabo da Agege da Idi-Araba da Ama Hausa ta Owerri su ma lokaci ya yi da za su karanta wa jama'a babin yanka da na abinci daga Risala da Askari, da Hausa, ƙarara, musamman in Babbar Salla ta gabato, lokacin da motocin raguna ke kwararowa dare da rana. A nan ne talaka ke zuba kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa, sau da yawa kuma dillali ya lallaɓa masa wanda ya sha wuya a hanya don ya fi araha. Ya kamata a gaya masa tun kafin ya biya cewa mai ido ɗaya, da mara lafiyar da ciwonsa ya bayyana, da ramammen da ba shi da kitse, da gurgun da ba ya iya bin garke, ba sa isar wa layya, ko an haife shi da aibin ko a mota ya same shi tsakanin Mokwa da Jebba. In ya yanka irin wannan ya sami nama na halal ya ci da iyalinsa, amma layyar tana nan a kansa in yana da halin sakewa kafin kwana ukun su wuce.